Zaɓen Antibairos na Kyauta: Kafin Ka Sauke Wani, Duba Wanda Ke Cikin Kwamfutarka

Da mutum ya sayi kwamfuta, ko aka yi mata sabon Windows, tambayar da ke fara zuwa masa ita ce wane antibairos zai sa. Sai ya shiga intanet ya nemi na kyauta, ya danna na farkon da ya fito masa. Ba a rufa mako biyu ba kwamfutar ta fara jan ƙafa, wani ɗan akwati na ta leƙowa daga gefen allo yana cewa an gano matsaloli ɗari da wani abu, a biya kuɗi a gyara. Shi kuwa yana ganin ya yi riga-kafi, bai san cewa tun ranar da ya kunna kwamfutar akwai mai gadi a cikinta ba, kuma shi da hannunsa ya sallame shi.

Ra'ayina a fili yake: ga yawancin masu kwamfuta ta kansu, antibairos ɗin da ya zo tare da Windows ya wadatar. Kada ka sauya shi sai da dalili. In kuma dalilin ya samu, akwai yadda ake auna sauran, ba da yawan tallarsu ko kyan launin allonsu ba.

Mataki na farko: san abin da kake da shi

Danna maɓallin Windows tare da harafin R, ka rubuta winver, ka danna Enter. Zai nuna maka wane Windows ke kan kwamfutar. Wannan ya fi komai muhimmanci, domin Microsoft ta daina aiko wa Windows 7 gyaran tsaro tun 14 ga Janairu 2020, Windows 8.1 kuma tun Janairun 2023, sannan wa'adin Windows 10 na gama-gari ya ƙare a 14 ga Oktoba 2025. Kwamfutar da ba a toshe mata ɓaraka, ko ka samu antibairos ɗin da zai hau kanta, tamkar gida ne da katangarsa ta zube aka ɗauki mai gadi aka ajiye a bakin ƙofa. In injinka zai iya ɗaukar Windows 11, wannan ne aikin da ke gabanka kafin zancen antibairos.

Daga nan ka rubuta Windows Security a wurin bincike na Start, ka buɗe, ka shiga Virus & threat protection. Nan za ka ga wanda ke gadin kwamfutar a halin yanzu. In ba ka taɓa sa komai ba, Microsoft Defender za ka tarar.

Mutane da yawa har yau suna raina Defender, kuma rainin yana da asali. Da farko manhaja ce ta kama manhajojin leƙen asiri kawai, sai a Windows 8, shekarar 2012, ta zama cikakken antibairos, kuma a shekarunta na farko tana can ƙasa a gwaje-gwajen da ake yi. Wanda ya san ta a wancan zamani ba ka ga laifinsa ba. Amma abin ya canza. A 'yan shekarun nan tana zuwa kafaɗa da kafaɗa da manyan da ake saye da kuɗi. Ba ta yi maka talla, ba ta da wa'adin da zai ƙare, kuma sabuntawarta na zuwa ne tare da ta Windows.

Sabuwar kwamfuta kuwa sau da yawa takan zo da antibairos ɗin McAfee ko Norton na gwaji, wanda kamfanin da ya ƙera ta ya ɗora. Wannan ba kyauta ba ce, ɗanɗano ne, yawanci na kwana 30. In ba ka da niyyar biya, cire shi tun yanzu, Defender za ta farka da kanta ta karɓi aiki.

Mataki na biyu: kunna abin da ke kashe

Kafin ka ce Defender ba ta isa ba, ka tabbata ka ba ta kayan aikinta duka. A cikin Virus & threat protection, shiga Manage settings ka ga cewa waɗannan a kunne suke: Real-time protection, wato sa ido a kan kowane fayil a daidai lokacin da ake buɗe shi; Cloud-delivered protection, wanda ke tambayar rumbun Microsoft game da fayil ɗin da ba a saba gani ba; da Tamper Protection, wanda ke hana wata muguwar manhaja kashe antibairos ɗin ta bayan fage. A sashen App & browser control kuma ka kunna toshe manhajojin da ba a gayyace su ba, irin masu liƙowa a jikin wata manhaja su cika maka burauza da talla.

Akwai kuma Controlled folder access, a ƙarƙashin Ransomware protection. Aikinsa ya hana baƙuwar manhaja taɓa fayilolin da ke cikin foldojin takardu da hotuna, wanda shi ne abin da bairos mai garkuwa da fayiloli don neman kuɗin fansa yake yi. A kashe yake zuwa, domin yana da tsaurin ido: wani lokaci har manhajarka ta gaskiya zai hana ajiye aiki sai ka ba ta izini da hannu. In kana da haƙurin kwana biyu na koya masa su wane ne 'yan gida, ya cancanci wahalar.

Mataki na uku: shin kana da dalilin sauyawa?

Dalilai na gaskiya ba su da yawa. Na ɗaya, kwamfutar da ba ta cika hawa intanet ba amma kullum ana cusa mata filashi daga nan da can. Ƙarfin Defender ya dogara sosai da tambayar rumbun Microsoft, kuma a gwaje-gwaje da dama an ga kamunta yana raguwa idan babu intanet fiye da yadda na wasu ke raguwa. Na biyu, tsohon inji mai ƙaramin ram, wato ma'adanar aiki ta wucin gadi, da tsohon faifai mai juyawa, wanda ka lura Defender na riƙe masa wuya duk lokacin da kake kwafar manyan fayiloli. Na uku, kana son wani abu na musamman da ba ta da shi, misali kariya daga shafukan damfara da za ta yi aiki daidai a kowace burauza, tunda tata kariyar ta fi ƙarfi a Edge, burauzar Microsoft.

"Abokina ya ce wane ya fi" ba dalili ba ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mataki na huɗu: karanta sakamakon masu gwaji

Kowane kamfani zai ce nasa ne gwani, don haka ba a tambayar mai kaya. Akwai cibiyoyi masu zaman kansu da aikinsu kenan, su tara dubban ƙwayoyin cutar kwamfuta su sake su a kan kowane antibairos su ga wanda zai tsaya. Uku ne suka fi shahara: AV-TEST da ke Magdeburg a Jamus, AV-Comparatives da ke Innsbruck a Ostiriya, da SE Labs ta Ingila. Duka suna wallafa sakamakonsu kowa ya karanta ba tare da ya biya ba.

AV-TEST ta fi sauƙin fahimta. Duk wata biyu tana ba da maki a fanni uku, kowanne maki 6: kariya, nauyi a kan inji, da sauƙin zama da manhajar, wanda ya haɗa da yawan ƙararrawar ƙarya. Jimla 18 kenan, kuma wanda ya kai 17.5 ana ba shi lambar fice. AV-Comparatives kuwa ta fi zurfafawa. Tana da gwajin da ke kwaikwayon yadda mutum ke yawo a intanet, tana da na nauyi daban, kuma tana nuna bambancin kamu da intanet da kuma babu intanet, wanda shi ne lambar da mai dalili na ɗaya a sama ya kamata ya nema.

Ga yadda ake karanta su ba tare da an ruɗe ba. Kada ka tsaya a sakamakon wata ɗaya. Duba na shekara guda, domin kowa na iya tuntuɓe sau ɗaya, kowa kuma na iya dace sau ɗaya. Ka tabbata sunan da aka gwada na kyautar ne, ba babban wansa na kuɗi ba, ko da yake sau da yawa injin kamun iri ɗaya ne. Sannan kada ƙaramin bambanci ya ɗauke maka hankali. Tsakanin wanda ya kama 99.8 cikin ɗari da wanda ya kama 99.6, ba za ka taɓa jin bambanci a rayuwarka ta yau da kullum ba. Inda za ka ji shi ne a ƙararrawar ƙarya. Antibairos ɗin da kullum yake ihu a kan fayil mai lafiya zai koya maka danna "ƙyale shi" ba tare da karantawa ba, ranar da kurar gaske ta zo kuma haka za ka danna.

Mataki na biyar: tambayi kanka da me za ka biya

Nan ne ya kamata a zauna a yi lissafi. Kamfanin antibairos yana da injiniyoyi da yake biya albashi da manyan na'urori da ke aiki dare da rana. In ya ba ka kayansa ba ka biya ko sisi ba, to ta wata hanya yake fanshewa. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Hanya mafi tsafta ita ce ya yi ta tallata maka na kuɗin har ka gaji ka saya. Wata hanyar ita ce ya liƙa maka burauzarsa ko wata manhajar "share datti". Ta uku, wadda ta fi damuna, ita ce bayananka.

Ka tuna antibairos ba kamar sauran manhajoji ba ne. Izinin da kake ba shi ya kai ya buɗe kowane fayil, ya ga kowane shafi da ka shiga. A Janairun 2020 binciken 'yan jarida na Motherboard da PCMag ya bankaɗo cewa kamfanin antibairos na Avast na sayar da bayanan yawon masu amfani da shi a intanet ta hannun wani reshensa mai suna Jumpshot. Kamfanin ya rufe reshen cikin 'yan kwanaki. A Fabrairun 2024 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, ta sanar da cewa Avast zai biya dala miliyan 16.5, ta kuma hana shi sayar da irin waɗannan bayanai don talla. Injin kamun Avast mai ƙarfi ne, masu gwaji na yaba shi, amma wannan tarihi na cikin abin da za ka ɗora a sikeli.

Wani abin da ba kowa ya sani ba: sunayen da ke cika jerin "na kyauta" da yawansu 'yan gida ɗaya ne. Avast na ƙasar Cek ya sayi AVG a 2016, har injinsu ya zama ɗaya. NortonLifeLock ya sayi Avira ta Jamus, sannan a 2022 ya haɗe da Avast aka samu kamfanin Gen Digital. Wanda ya yi fushi da Avast ya koma AVG, ɗaki kawai ya sauya.

Kaspersky na Rasha ya daɗe yana cikin na gaba-gaba a gwaje-gwaje, amma siyasa ta shiga zancensa. Hukumar tsaron intanet ta Jamus, BSI, ta yi gargaɗi a kansa a Maris 2022, kuma a Yunin 2024 gwamnatin Amurka ta haramta sayar da shi a ƙasarta, sabuntawa kuma ta tsaya wa mazauna can a ƙarshen Satumbar shekarar. Kamfanin ya musanta zargin cewa yana barazana ga tsaro. Abin da ya shafe ka shi ne ka bincika ko a ƙasar da kake yana samun sabuntawa, domin antibairos ɗin da ba ya sabuntuwa gawa ce. Bitdefender na Romaniya ma yana da na kyauta na Windows, mai ƙarancin maɓallai, ga wanda ke son ya sa ya manta.

Duk wanda ka zaɓa, da zarar ka gama sa shi, shiga saitinsa ka nemi sashen sirri, ka kashe duk wani zaɓi na raba bayananka don talla ko don "abokan hulɗa". Ka bar wanda ke aika samfurin fayil mai shakku don bincike, wannan yana cikin aikin kariya.

Mataki na shida: saukewa da ɗorawa

Rubuta adireshin kamfanin da hannunka. Kada ka bi tallan da ke saman sakamakon bincike, domin masu damfara kan sayi wannan gurbi su kafa shafi mai kama da na asali. Kada ka karɓi antibairos a filashin wani, kuma ka nisanci na kuɗi da aka fasa aka ce an mayar kyauta. Ba da izinin shiga ko'ina a kwamfutarka ga manhajar da ɓarawo ya riga ya buɗe cikinta, ba wa kura ajiyar nama ne.

Bayan fayil ɗin ya sauka, danna shi da maɓallin dama, ka shiga Properties, ka duba Digital Signatures. Sunan kamfanin ya kamata ka gani a wurin. In babu sa hannu, goge shi.

In akwai wani tsohon antibairos, cire shi tukuna ka sake kunna kwamfutar. Wasu sukan bar saiwa, shi ya sa kamfanoninsu ke da kayan tuge su na musamman, kamar MCPR na McAfee da Avast Clear. Defender kam ba sai ka taɓa ta ba, tana ganin baƙo ya shigo za ta ja gefe. Amma kada ka kuskura ka haɗa antibairos biyu masu sa ido a lokaci guda. Kowannensu zai riƙa cafke fayil ɗaya, wani ma ya ɗauki ɗan'uwansa a matsayin bairos, injin ya yi nauyi ko ya sandare. Taura biyu ba ta taunuwa.

Lokacin ɗorawa kada ka yi ta danna Next ido rufe. Nemi Customize ko Custom, ka cire alamar da ke kan duk abin da ba ka nema ba: burauza, manhajar sabunta direbobi (ƙananan manhajojin da ke tafiyar da sassan kwamfuta), mai "ƙara wa kwamfuta gudu". In aka ce ka sa lambar katin banki don gwajin kyauta, ka sani wannan ba na kyautar ba ne; ranar da gwajin ya ƙare za a fara cirar kuɗi.

Mataki na bakwai: gwada shi, gani ya kori ji

Sabunta shi, sannan ka sa ya yi cikakken sikanin, wato binciken duk fayilolin kwamfutar, sau ɗaya, a lokacin da ba ka buƙatar kwamfutar, domin yana iya ɗaukar awanni. Bayan haka ka gwada ko a farke yake. Akwai ɗan fayil na gwaji da ake kira EICAR, rubutu ne mai haruffa 68 wanda ba ya cutar da komai, amma kamfanonin antibairos sun amince su riƙa ɗaukarsa kamar bairos. Je shafin EICAR ka yi ƙoƙarin sauke shi. In aka tare shi nan take, mai gadinka na bakin aiki. In ya sauka lafiya har ka buɗe shi shiru, akwai abin da ke kashe.

Sai ka ba shi mako guda kana lura. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai buɗe, ka ga abin da yake ci na ram da faifai lokacin da ba ka komai. Ƙirga sau nawa ya yi maka talla. In ya fi ƙarfin haƙurinka, cire shi, Defender za ta dawo. Ba aure kuka ɗaura ba.

Mataki na takwas: ajiye likita na biyu

Ba a haɗa masu sa ido biyu, amma ana iya ajiye wanda sai an kira shi yake zuwa. Malwarebytes na kyauta haka yake: bayan kwanakin gwajinsa sun ƙare ba ya gadi, sai dai ka buɗe shi ya yi sikanin, kuma ya ƙware wajen tsince tarkacen talla. Wanda ya sa wani antibairos kuma yana iya kunna Periodic scanning a Windows Security, Defender ta riƙa leƙowa jefi-jefi. In kana zargin wani abu ya riga ya yi kaka-gida har yana ɓuya, yi amfani da Microsoft Defender Offline scan, wanda ke sake kunna kwamfutar ya bincike ta kafin Windows ya gama tashi.

Ga fayil guda da ka yi shakkarsa, akwai shafin VirusTotal, mallakar Google tun 2012, inda injuna kusan 70 za su duba shi a lokaci ɗaya. In biyu ko uku da ba a san su ba ne suka yi ƙorafi, sau da yawa ƙararrawar ƙarya ce. In manyan sun haɗa baki, rabu da shi. Sai dai kada ka ɗora takardar sirri a can, domin abin da aka ɗora masu binciken tsaro na iya samunsa.

Abin da babu antibairos ɗin da zai yi maka

Wata rana kana cikin burauza sai allo ya cika da jan rubutu, wai bairos biyar sun kama kwamfutarka, ka danna nan ko ka kira wannan lamba. Shafin intanet ba shi da ikon bincika faifanka. Ƙarya ce, kuma dannawar ita ce cutar. Rufe shafin. In saƙon na ci gaba da fitowa daga gefen allo da tambarin wani sanannen antibairos, to wani shafi ka taɓa ba wa izinin aiko maka sanarwa. Shiga saitin burauzar, sashen Notifications, ka soke izinin duk shafin da ba ka sani ba.

Sabunta Windows ma ba aikin antibairos ba ne. Bairos ɗin WannaCry da ya barke a Mayun 2017 ya kama kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, har ya durƙusar da asibitoci a Birtaniya, alhali Microsoft ta fitar da gyaran ɓarakar tun watan Maris. Waɗanda abin ya ci, galibi ba su ɗora gyaran ba ne.

A File Explorer, inda kake buɗe foldojinka, kunna File name extensions domin ka riƙa ganin ƙarshen sunan kowane fayil. Abin da aka turo maka a matsayin takarda ko hoto amma sunansa ya ƙare da .exe, ba takarda ba ce, manhaja ce. Haka in ka sa filashi ka ga foldojinka duk sun koma gajerun hanyoyi masu 'yar kibiya a gefe, kada ka danna ko ɗaya, sa a yi masa sikanin tukuna.

Masu Mac, kwamfutar kamfanin Apple, suna da manhajojin kariya XProtect da Gatekeeper a ciki tun asali, kuma ga yawancinsu wannan da sauke manhaja daga inda aka amince ya isa.

Sai ajiyar kwafi. In bairos mai neman fansa ya kulle fayiloli, antibairos na iya kashe shi daga baya, amma ba zai buɗe abin da aka kulle ba. Akwai shirin No More Ransom, wanda 'yan sandan Holan da Europol, hukumar 'yan sandan Tarayyar Turai, da wasu kamfanonin tsaro suka kafa a 2016, da ke ba da makullan buɗe wasu nau'o'in kyauta, sai dai ba kowane nau'i ke da makulli ba. Don haka ka samu faifan waje, ka kwafe takardunka da hotunanka a kai duk mako ko duk wata gwargwadon yawan aikinka, kuma da ka gama ka zare shi daga jikin kwamfutar. Faifan da aka bari a jone, tare da sauran ake kulle shi.